Masu Gadin Jinin Baba Nomau

Tun la'asar wuta ta ɗauke a babban asibitin Maradi,
injin bayan ɗakin gwaji sai tari yake.
Ni da ɗigon jinin Baba Nomau a kan gilashi,
shi yana gado na tara, yana tambayar
ko ruwa ya sauka Tibiri.

A cikin ɗigon nan akwai masu gadi.
Ba wanda ya koya musu sunan ɓarawo.
Fuska kawai suke shafawa, ɗaya bayan ɗaya,
su ji ko tsagar gida tana nan.
In tana nan, wuce abinka.
In ta goge, ko a ɗakin aka haife ka,
su huda ka, su bar ka ka narke.

Amma wuƙar ba ta fita kube haka kawai.
Ɗan aike ke zuwa, ƙanƙani, madubina ma bai ganinsa,
ya yi sallama daga waje, ba ya shiga.
Na bakin ƙofa ya taɓa na zaure,
na zaure ya miƙa wa na tsakar gida,
hannu da hannu, kamar bokitin ruwa
ran da gobara ta kama rumfunan ƴan atamfa,
har magana ta kai ƙuryar ɗaki
inda takardar umarni ke naɗe.
A warware ta daidai layin da ya ce: tashi.

Akwai kuma mai kawo “kwanta”.
Ba don shi ba, da mai gadi ya ƙone gida
garin neman ɓera.

To, ƙarin da ke hantar Baba ya koyi muryar nan.
Shi ke aike yanzu, dare da rana:
kwanta, lafiya lau, kwanta.
Ga su na ƙirga, adadinsu bai ragu sosai ba,
ƙofofinsu ne suka cika da saƙon ƙarya.

Da isha na kai masa kunu.
Ya ce, Barira, me kika gani?
Na ce, masu gadinka na nan, Baba, barci aka sa su.
Ya yi dariya har ya dafe haƙarƙari:
yaron da na sa tsaron buwa a gonar gero
haka inuwar gawo take sace shi.
Hoge ɗaya nake jefa masa.

Na koma ɗakin gwaji, inji ya mutu.
Na zauna cikin duhu, gilashi a hannu,
ina tunanin hogen da zai shiga jini.