Ranar da Suka Rufe Layinmu

Takardar ta shigo ta kafar ƙofa da safiyar Talata,
tare da tallan fiza da lissafin wuta.
Na danne ta da injin yankan makulli,
ban karanta ba sai da Jaswinder ya ƙwanƙwasa gilashi:
"Ka ji? Za su toshe mu."

Shekara goma sha tara ina wannan layi a Bradford,
ina yanka makullan gidajen da ban taɓa shiga ba,
ina liƙa dunduniyar takalma.
Na san titin nan kamar yadda harshe ya san haƙori mai kogo.
Ga ramin gaban shagon wanki, wanda ya fasa tayar motar gawa.
Ga na kusa da tashar bas, in an yi ruwa
sai ka ga rufin gidaje a cikinsa a kife.
Duk mai sauri zuwa babbar hanya ta kanmu yake yankewa,
manyan motoci tun asuba,
kofin shayina yana tafiya da kansa a kan tebur
sai ya kai baki in tare shi.

Sun zo ranar Litinin, mutum huɗu da riguna masu ƙyalli.
Ba su kawo kwalta ba.
Akwatunan katako uku suka sauke, cike da baƙar ƙasa,
da sandar ƙarfe a tsakiya, da jan allo.
Na ce wa ƙaraminsu, ramukan fa?
Ya ɗaga kafaɗa: wannan aikin wani ofishi ne.

Daren farko ban runtsa ba.
Shirun ya yi yawa, kamar an ɗauke wuta a cikin kunne.
Na ji firij yana numfashi,
na ji tarin maƙwabcina ta bango.
Ashe haka yake kwana.

Ciniki ya ja baya, ba zan ɓoye ba.
Mai tsayawa minti biyu, mota a kunne, ya miƙo makulli,
yanzu yana can wani layi yana girgiza kofin wani.
Jaswinder ya rubuta takardar koke, na sa hannu.
Direban tasi ya zo ya tarar da akwatuna,
ya yi ribas yana zagi da harshen da ban sani ba,
amma na gane.
An ce hanyar lafiya a bi ta da shekara;
wanda ya faɗa ba ya biyan hayar shago.

Sai ranar Asabar
tsohuwa Gwenda Pritchard ta fito da sandarta mai ƙafa huɗu.
A da sai na bar aiki na ɗaga wa motoci hannu
kafin ta tsallaka.
Yau ba ta dubi hagu ba, ba ta dubi dama ba.
Ta kai tsakiyar titi ta tsaya
daidai inda aka buge karenta bara waccan,
ta daɗe,
sannan ta wuce ta sayo madara.

Ba ta neme ni ba. Abin ya ɗan sosa mini rai.

Yanzu yara sun zane kwaltar da alli,
ramin shagon wanki shi ne teku, ba a takawa.
Wani ya shuka na'a-na'a a akwati na biyu,
wani ya jefa gwangwanin giya a na uku.
Ni kuwa da dare na je na tura irin yakuwa da yatsa a na farko,
ko da yake na san sanyin garin nan ba ya wasa.

Takardar koken tana ofishinsu, sunana ne na bakwai.
Wata shida suka ce, gwaji ne.
Kullum da safe kafin in ɗaga ƙofar shago
sai na leƙa akwatin.
Kofina yana nan inda na ajiye shi.
Ramukan ma suna nan.