Rajistar Asabar

Mabuɗin zauren a hannuna yake,
tsohon sito a bayan masaƙar Kakuri
inda har yau auduga ke maƙale a jikin azara.
Ƙarfe tara na safiyar Asabar
nakan share kashin jemage,
in kafa fararen takardu, mita goma daga layi,
kowace da baƙin ɗigo a cibiya
kamar idon karfasa.

Sunaye arba'in da ɗaya ne a rajista.
Yau mu shida.

Rilwanu ya bi aikin banki zuwa Abuja.
Kazah ya ce kuɗin mota daga Sabon Tasha
sun cinye kuɗin dalma,
dalmar ma, gwangwani guda
sai ka haƙura da naman miya na mako.
Shi ya sa muke tsince wadda ta baje a akwatin tarewa,
mu tara a robar fenti,
mu kai wa masunta a Kabala su ɗaura wa koma.
Da kuɗin muke biyan wuta,
ran da aka kawo ta.

Mahaifin Sa'adatu da kansa ya zo ya janye ta.
"A garin nan, a wannan zamanin,
a ce 'yata na koyon bindiga?"
Ban yi masa musu ba.
Na san ƙanen da aka ɗauke masa a kan hanya,
na san gonar da ya sayar.

Kalmar aka sace mana.
Ka ce harbi a cikin Keke, kowa sai ya gyara zama.
Tamu kuwa ta iska ce,
ba wuta, ba hayaƙi,
ƙararta ba ta kai ta buɗe kwalbar lemo ba.
Shekara goma sha huɗu ina riƙe ta,
abin da na taɓa kashewa da ita
gaggawata ce kaɗai,
ita ma takan farfaɗo ran Litinin.

Baba Jatau ya daina harbi,
hannun ya soma rawa tun bara waccan.
Amma yana zuwa,
ya zauna a benci da filas ɗin shayi,
ido a rufe, yana sauraron numfashinmu.
"Zugwai, kin fizgi kunama kamar kunnen yaro.
Lallaɓa ta.
Bari ita ta ba ki mamaki."

Sha ɗaya saura, hadari ya karye.
Kwanon rufi ya ɗau ganga.
Sai ga mutum a bakin ƙofa, hula a jiƙe,
rigar harbin 'yarsa a cikin leda,
ya zo mayarwa.
Ruwa ya hana shi juyawa.

Baba bai buɗe ido ba.
"Ku ba baƙo dalma ɗaya."

Ya ƙi. Ya sake ƙi.
Can ya ajiye ledar,
ya karɓa kamar an miƙa masa jinjirin wani.
Na nuna masa inda ƙafa ke tsayawa,
inda kunci ke kwanciya,
inda baki ba ya taɓa kallo.
Tas.
Takarda fes, ko ƙwarzane babu.

"Ina ta tafi?"
"Ba ka yi numfashi ba, Alhaji."
Ya yi shiru har ruwan ya soma tsagaitawa.
"Na jima ban yi ba," in ji shi.

Ta biyu ta ci gefen takarda.
Ya cire ta da hannunsa,
ya ɗaga ta saitin taga,
yana leƙen haske ta ɗan hujin.

Bai yi alkawarin komai ba.
Ledar dai, da ita ya koma.

Na kulle sito, laka har idon sawu.
A rajista na rubuta bakwai,
da fensir.