Tsinin Allura

Ƙarfe ukun dare wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu, ta haƙura.
Zafin Sakkwato da ya laɓe cikin bango tun azahar
ya sauko ya zauna da mu a ɗakin yara.

Gado sha huɗu, yara ashirin da uku,
mu biyu rak, ni da Rifkatu.
Ta ciji wayarta da haƙora tana haska min,
hannayenta duka suna danne da Jabbi,
ɗan wata sha takwas daga Wamakko,
wuya ya sanƙare, ido ya kafe,
jijiya ta gudu ta bar mu da fata.
Na nema a hannu. Na nema a ƙafa.
Na samu a gefen kai,
sai ya zabura.

Ba ta yi zafi ba.
Ƙayar aduwa ta fi ta ciwo.
Ɗigo ɗaya ne ya tsaya cikin safar roba,
ban san ko nawa ba ne, ko nasa.

Uwar ta ce, "Malama, mi yaf faru?"
Na ce ba komai.
Na liƙa filasta, na saita ruwan,
na ƙirga saukarsa har ya daidaita,
sannan na nufi famfo.
Famfo ya yi tari bai kawo ba.
Da butar wata mai jinya na wanke yatsana.

A makaranta an koya mana sunan kowace cuta.
Ba a ce mana kwalin allura zai cika tun Talata
ya kai Asabar yana murmushi da haƙoransa ba.
Ba a ce ƙugu zai riga gashi tsufa
don sunkuyo kan gadajen da ba a yi su don tsayinmu ba,
ko tafin hannu ya tsage da ruwan bilic
har lalle ya ƙi zama.
Yaro ba ya kau da kai in zai yi tari.
A fuskarki yake yi,
ya kuma miƙo hannu ki ɗauke shi.
Bara wani uba ya ɗauke Rifkatu da mari
don ɗiyarsa ta cika kafin jini ya iso.
Ta tsinci gilashinta a ƙasa,
ta wuce gado na gaba.

Da hantsi na sauka daga keke a Runjin Sambo.
Yalli ta sheƙo da gudu, hannu a buɗe.
Na ce, "Tsaya nan!"
Ta tsaya cak, leɓe na rawa.
Shekararta uku, ina za ta san
abin da farar riga ke kwasowa?
A bayan ɗaki na tuɓe, na jiƙa, na cuɗa jikina
kafin in zama uwar kowa.

Ƙwaya ashirin da takwas, ɗaya kowane dare.
Tana juya min ciki kamar sabon shiga.
Maigida ya ce in bar aikin.
Na ce to,
na goge rigar gobe.

Sakamakon gwaji sai nan da wata uku.
Kafin nan akwai ƙyanda, akwai zawo,
akwai jaririn da bai kai nauyin mudun gero ba.

Ranar Laraba na tarar da Jabbi zaune,
kunu ya ɓata masa haɓa.
Na sunkuya in cire masa robar ruwa,
ya kama babban yatsana,
wancan ɗin dai,
ya ƙi saki.
Na bar masa.
Gado na tara yana kuka,
na ce da Rifkatu ta je, ina zuwa.