Gyaɗar Likita Lan

Shekara biyu ina gadin gidan likitocin Sin
a bayan asibitin Maraɗi,
ban tsinci kalma goma a harshensu ba.
Amma kunne ba ya gyangyaɗi, ko mai shi ya yi.

Sha ɗaya na dare Likita Lan take fitowa,
ta zauna kan bulo a gindin bedi,
ta kira tsohuwarta, can inda gari ya riga ya waye.
Ni ina bakin ƙofa da tiren gyaɗa,
ina ɓara, ina saurare.

Da fari na ce ruwa ne bisa kwano,
ba kai, ba gindi.
Sai wani dare babban yatsana ya riga ni ganewa:
ta faɗi biyu, na fasa kwanso,
ta faɗi biyu, na fasa wani.
Ashe maganar tata gyaɗa ce,
ƙwaya biyu a ɗaki ɗaya.
Biyu, biyu, ta ja numfashi,
biyu, biyu, sai uku a ƙarshe,
irin dogon kwanson nan
da yara ke rigima a kansa a gonakin Jiratawa.

In labari ya yi daɗi, huɗu take ɗaurewa,
ɗaurin kuma da ƙugu a tsakiya.
Gaɓa ɗaya ba ta son kwana ita kaɗai;
in ta rasa abokiya sai a ja ta
har ta cika shimfiɗar biyu.

Na gaya wa Tsahara da safe.
Ta ce, "Mijinyawa, rashin barci ne,"
ta ci gaba da tankaɗe,
rariya na bugun tafinta biyu, biyu, ba ta sani ba.

Daren wata Laraba, tsakiyar damina,
ba ita ta kira ba, kiranta aka yi.
Muryar namiji.
Ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Sannan ta ce, "Ma."
Ɗaya tak.
Na jira ƴar'uwarta, kwanso a tsakanin yatsuna.
Kwaɗi suna ta nasu daga gulbi.
Ba ta zo ba.

Na ajiye tire, na hura gawayi,
na kai mata shayi, na tsuguna nesa kaɗan.
Ba ni da ko ƙwaya a harshenta.
Na ce, "Sannu. Sannu."
Ta ɗago kai.
Ina jin ta ƙirga.