Layi na Biyu

Ranar Asabar na ɗauko shi a Chapeltown,
bayan wani zauren rawa da aka rufe tun bara.
Fam tamanin. Winston bai bari na taya ba.
Ya ce shekara goma sha tara amfilifayar nan
tana girgiza ƙirjin mutum ɗari shida,
ko tari ba ta taɓa yi ba.

Mu biyu muka kinkime ta zuwa hawa na uku.
Baƙa wuluk, kunnuwan ƙarfe biyu,
tabon sigari a ka, nauyi kamar buhun siminti.
A kwanar matakala bayana ya ce ƙas.

Zuwaira ta dubi akwatin, ta dube ni.
"Falon da ko tabarma biyu ba ya ci?
Albasa za ka yanka, ka je ka sayo gatari."
Na ce a ba ni dare ɗaya.

Na danna.
Fitilar kicin ta yi ƙasa, ta dawo.
Lasifika suka ce dum, kamar guga ya faɗa rijiya.
Sai fanka. Wayyo, fanka!
A zauren rawa wa zai ji ta?
Nan kuwa, inda agogon bango ma yake da baki,
sai ka ce injin markaɗe a bayan kujera.
Ƙarƙashinta kuma wani gurnani siriri
mai shiga haƙori.

Dare ɗaya ya koma mako uku
ina durƙushe a kan kafet.
Na canza waya, na raba ta da soket ɗin firji,
na cire fankar, na sa wata salihar
da na samo a shagon kwamfuta a Roundhay Road.
Sukudireba ta sha jinina sau biyu.
Misis Pickersgill ta ƙasa ta tare ni wajen zuba shara,
ta ce ta ga abin da muka hau da shi,
ita fa ƙarfe tara take kwanciya.
Na ce ba za ki ji komai ba.
Ba ta yarda ba. Ni ma ban gama yarda ba.

Wat dubu biyu, in ji takardar da ke bayanta.
Ni ban taɓa murɗawa ya wuce layi na biyu ba.
Abokina Ɗanlami ya ce asara ce,
mai tirela yana dakon kaza ɗaya.
To, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Wanda bai kusa gajiya ba
shi ke iya ɗaukar ƙwai hannunsa bai yi rawa ba.

Wani dare na dawo daga aiki, ƙanƙara na bugun taga,
na sa kaset ɗin bikin yayata,
wanda na juye a kwamfuta tun ina Zariya.
Na ji shi a mota, na ji shi a waya, ya fi sau ɗari.
Mai gurmi ya fara.
Na ji farcensa yana karce tsirkiya kafin sauti ya fito.
Wata ta ajiye kwanon sha a kan siminti.
Can ta hagu, nesa, bayan masu tafi,
wani ya yi gyaran murya sau biyu,
ya yi dariya ta hanci.

Baba.

Shekara ashirin da ɗaya da binne shi.
Ban san yana cikin kaset ɗin ba.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Zuwaira ta fito da bargo a kafaɗa,
ta tsaya bakin ƙofa, ba ta yi zancen gatari ba.
Can ta ce, "Ɗan ƙara mana."

Na ɗora yatsu a kan mamurɗin, yana da ɗumi.
Na tuna tsohuwa tana barci ƙarƙashin ƙafafunmu.
Na ce, matso dai, zauna nan ta hagu.

Yanzu kullum da safe
Ummita na shanya safar makarantarta a kan murfin,
wai ya fi hita.