Mai Gyaran Agogo na Aboabo

Baba Labaran, mai gyaran agogo,
kai da ba ka taɓa isa ko'ina kan lokaci ba.
Daga Aboabo zuwa Kejetia tafiyar rabin sa'a ce,
kai sai ka ci sa'a biyu:
ka gai da mai koko, ka gai da mai gawayi,
ka tsaya tambayar Maame Serwaa ciwon gwiwa
da Tonancinka mai ɗingishi,
har dariya ta mantar da ita gwiwar.

Gilashi a ido ɗaya, goro a kunci,
kana lallashin agogo: "Haba ɗan nan, tashi mana."
Wanda ba shi da kuɗi, ka ce ya kawo gobe.
Shekara talatin goben nan ba ta waye ba.

Kana da faɗa, kada in yi ƙarya.
Ran da Kotoko ta sha kashi
ko kaza ba ta gifta teburinka.

Laraba bayan la'asar, ruwa na dukan kwano,
baƙon da ba ya makara ya yi sallama.
Muka kai ka Tafo.
Maame Serwaa ta rufe shagonta kwana uku.

Jiya na buɗe akwatinka.
Agogo goma sha ɗaya, masu su ba su dawo ba.
Ɗaya yana tafiya har yanzu,
minti ashirin a baya.
Ban gyara shi ba.

Allah ya jiƙanka, Baba,
ya sa a ajiye maka wuri
ko ka tsaya gaisuwa a hanya.