Awon Hannu

Kafaɗata ce ta shigar da ƙara,
ba ni ba.
Shekara tara tana dakon kwamfutar babana,
baƙa, mai kauri kamar dutsen niƙa,
daga gonarmu ta Lugu zuwa Taichung,
daga Taichung zuwa Taipei,
ita da cajarta mai kama da bulo.
Likita Hsiao ya danna wurin, na zabura.
Ya ce: Pei-shan, ko ki sauke kayan nan,
ko hannun ya yi miki yaji.

Shi ya sa ranar Laraba, ana tsuga ruwa,
na hau bene na uku a kasuwar Guanghua,
lema a dama, jaka a hagu,
cikin jakar har da sikelin da muke auna ganyen shayi.

Yaron shagon, Chun-wei aka rubuta a ƙirjinsa,
baki kamar ana toya gugguru:
wannan ƙwaƙwalwarta kaza, waccan gudunta kaza,
ga wadda ake naɗewa, ga mai allon shafawa.
Na ce: ɗana, sassauta.
Ba wasan harbe-harbe zan yi da ita ba.
Rasit nake yankawa, da takardar kwastan,
da hoton ganye ga mai saye a Osaka,
da lissafin mata goma sha bakwai masu tsinka,
wanda in ya karkace
tukunyar wata ba za ta hau wuta ba.

Na ciro sikeli na dasa kan gilashinsa.
Ya yi dariya, har maƙwabcinsa ya leƙo.

Ta farko ya ɗora ita kaɗai.
Na ce ƙara da cajar,
ai ba a gida za ta riƙa kwana ba.
Allura ta faɗi gaskiyar da kwali ya ɓoye.

Ta biyu siririya ce, ruwan azurfa,
kyau kamar a rataye ta a bango,
amma kafa biyu tak a gefenta.
Sai an sayo mata jela
kafin ta gaisa da majigin ofishin mutane.
Abin da aka rage a jikinta
jakata ce za ta biya.

Ta uku ba ta da ado.
Toka-toka ce, kamar sararin yau.
Na kai ta bakin taga, allonta bai zame mini madubi ba.
Na buɗe ta da yatsa ɗaya, ba ta ɗaga gindi ba.
Na rubuta sunan gonarmu,
madannan suka amsa a hankali
kamar matakalar katako da ta san ƙafata.
Batir fa? Ya ce awa goma sha takwas.
Na raba biyu, don ni ma 'yar kasuwa ce,
na ga har yanzu zai kai ni gida.

Ita da cajarta: kilo ɗaya da giram ɗari biyu.
Ƙunshi biyu na shayi ke nan cif,
nauyin da hannuna ya haddace
tun ban kai tsayin teburin awo ba.
Na ce naɗe mini.

Minti arba'in ana kwashe kaya daga tsohuwar.
Sunaye na wucewa kamar tashoshi:
Kaka, Bazara, Bashi,
sai wani da ban taɓa buɗewa ba:
Don Pei-shan, In Ta Karɓi Gona.

Chun-wei ya ce in bar masa tsohuwar
a rage mini wani abu.
Na dubi harafin da yatsan babana ya goge,
na ce ba ta sayarwa ba ce.
Kafaɗa, yi haƙuri, yau kaɗai.

Washegari na fita da sabuwar.
Kafin in kai tasha
sau uku ina tsayawa in laluba jaka,
kamar na manta wani abu a gida.